Wuƙar Ka-Bar BK2: in sa a rage mata kauri ko in bar ta yadda ta zo?

Mai_Amya

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san ƙarfe, amma bari in fara faɗa muku irin wuƙar da abin da na gani a jikinta, don mai ba ni shawara ya san inda zai sa ƙafa.

Ƙanina da ke aiki a Amurka ne ya kawo mini ita tsaraba. Ya san ina kiwon zuma, ina kuma da gona wajen Tudun Wada ta hanyar Doguwa, sai ya ce wai ga wuƙar daji ta gaske, in huta da 'yan wuƙaƙen kasuwa masu lanƙwashewa. Sunanta Ka-Bar Becker BK2. Kamfanin yana garin Olean a jihar New York, su ne suka yi suna da wuƙar sojojin ruwan Amurka tun yaƙin duniya na biyu, wannan samfurin kuwa wani Ethan Becker ne ya zana shi. Ruwanta inci 5.25 ne, wajen santimita 13, ita duka kuma ta kusa santimita 27. Abin da zai fara ba ka mamaki kaurinta ne: kwatan inci, wato milimita 6 da ɗoriya. Nauyinta ya doshi rabin kilo. Ƙarfe guda ne tun daga tsini har ƙarshen mariƙi, sai aka ɗora masa roba mai tauri gefe da gefe aka ɗaure da noti uku. Ƙarfen shi ne wanda suke kira 1095 Cro-Van, an kuma shafe shi da baƙin fenti mai kauri, bakin kaifin kaɗai aka bari a buɗe.

Tun kaka nake aiki da ita har zuwa ɗiban zumar bazara, ta kuma taɓa farkon damina.

Inda ta burge ni faskare ne. Na sami busasshen reshen ƙirya mai kaurin damtse, irin wanda in ka sara da adda sai ta yi tsalle ta dawo maka. Na tsayar da shi, na ɗora bakin wuƙar a kansa, na riƙa dukan bayanta da wani guntun ice. Duka na farko ta shige, na biyu ice ya fara ƙara, kafin in ankara ya dare biyu, jan cikinsa a waje. Na duba baki da ɗan yatsa, babu inda ya ɓantale, babu inda ya kwanta. Marke ma haka. Sai dai duk icen da faɗinsa ya kai tsawon ruwanta, to ka haƙura, don babu sauran tsinin da zai leƙo ta ɗaya gefen balle ka doka.

Ta yi mini amfani a wajen akwatunan zuma kuma. Masu kiwo sun san yadda ƙudan zuma ke liƙe sandunan saman akwati da ɗanko, har sai ka sa ƙarfe ka ɓamɓare. Wannan wuƙa kana cusa tsininta ka ɗan murɗa, sanda ta ɗago, ba ka fargabar za ta karye. Na tono rogo da ita, na ɓalle katakon wani tsohon akwati, ko a jikinta.

To daga nan yabo ya ƙare. Sharar hanya ba aikinta ba ne. Zuwa wajen akwatunan sai na ratsa sabara da geza da sarƙaƙiya, kuma gajartarta na sa hannuna ya shiga cikin ƙaya kafin bakinta ya kai ga reshe. Addata mai kada tana gama wannan aikin ina tsaye nesa. Feƙe turke kuwa wahala ce, tana ci amma sai ka danna da ƙarfi, kafin ka feƙe 'yan kaɗan wuyan hannu ya gaji. Albasa da dankali ba yanka su take ba, tsaga su take yi, rabi ya yi gabas rabi ya yi yamma. Da na gwada yanko saƙar zuma daga jikin sanda sai ta murƙushe saƙar, zuma na tsiyaya a hannuna, ga kuma fentin ya fara gogewa wajen da nake faskare, ban so ɓurɓushinsa ya shiga abin da zan sayar wa mutane. Notin mariƙi ɗaya ya saki. Ruwan farko da ya same ni a gona na mayar da ita kube da danshi, washegari bakin ya yi ja da tsatsa. Kuben ma na roba ne mai tauri, in ka rataya a ƙugu sai ya riƙa jan wando ƙasa.

Ga tambayar. Akwai mai wasa wuƙa da inji a kasuwarmu, ya ce zai iya cinye mata kauri ta koma tana yanka kamar ta mahauta. In ba shi? Ko akwai yadda zan yi da hannuna? Ko kuwa in bar ta in nemi wata?

Jikan_Maƙera

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka kai ta wajen injin nan. In ka riga ka ba shi, yi maza ka karɓo.

A gidan ƙira na tashi, ina ƙarami ni ke jan zugazugi, don haka bari in yi maka bayanin abin da zai faru. Ƙarfe irin 1095 sinadarin kabon ɗinsa ya kusa kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa yake ɗaukar kaifi. Amma ba haka kawai yake yin tauri ba. Sai an gasa shi ya yi jajur, a tsoma cikin mai ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, don ya rage gautsi. Wannan ɗumamawar ta ƙarshe ita ce sirrin wuƙa. Ka-Bar suna barin tasu a mataki 56 zuwa 58 a ma'aunin tauri na Rockwell, wato ba su kai ta ƙurewa ba, don ta jure duka ba ta ɓantale ba. Abin da ka gani a ƙirya ke nan.

Dutsen inji da yake juyawa a bushe yana ɗora wa bakin wuƙa zafin da ya wuce wancan cikin ƙiftawar ido, musamman can gefen da ya fi siranta. Ka tsaya ka kalli mai wasan wata rana: za ka ga bakin wuƙa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, daga nan ya koma shuɗi. Da zarar ka ga shuɗi, wurin ya kai wajen digiri 300, taurin ya tafi. Zai miƙo maka ita tana aske gashi, ka yi murna, ka sara ice sau ɗaya baki ya kwanta. Kuma ba ya dawowa sai an cinye duk wurin da ya ƙone ko an sake gasa wuƙar daga farko. Wuƙar kicin ta 'yan kuɗi kaɗan ba a damu ba, amma ba wannan ba.

Abin da za ka iya yi da hannunka shi ne rage kafaɗar baki, ba kaurin wuƙar duka ba. Duba inda kaifi ya ƙare fenti ya fara, akwai wani ɗan tudu a nan. Shi ke tokarewa in kana feƙe turke. Sami samfefa irin ta masu fentin mota, mai lamba 220 da 400 da 600, ka shimfiɗa a kan guntun fata ko tsohon silifa mai laushi, ka kwantar da wuƙar ƙasa-ƙasa kana ja da baya, wato bayanta ne a gaba, baki na biye. Laushin abin da ke ƙasa zai sa tudun ya zama gangare mai santsi. Yi gefe da gefe daidai wa daida, ka riƙa yayyafa ruwa. Aikin yamma guda ne ko biyu in kana da haƙuri. Ka gama da goga ta a fata. Za ta fi shiga ice sosai, amma kar ka sa rai za ta yanka albasa kamar wuƙar uwargida, milimita 6 milimita 6 ne.

Maganar tsatsa, ai maganin yana gidanka. Narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya ka riƙa shafa mata bayan ka goge ta ta bushe. Kar ka sa man gyaɗa, yana daɗewa sai ya yi danƙo ya yi wari. Baƙin mai kuma ba a sa shi a abin da zai taɓa abinci. Noti kuwa, kwance shi ka ɗiga masa Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, in ka samu wajen masu kayan mota, in babu ko jan farcen mata ya isa, ka ɗaure ka bar shi ya bushe.

Ni dai in ka tambaye ni, da kuɗin wannan wuƙa da maƙeri ya yi maka guda nawa daga sifirin mota. Yawancin sifirin ƙarfe ne irin 5160, kabon ɗinsa wajen 0.6 cikin ɗari, ga ɗan sinadarin kuromiyom, bai kai naka riƙe kaifi ba amma ya fi shi jure lanƙwasa. Matsalar namu ita ce da ido ake auna zafi a wutar gawayin ƙirya, yau a dace gobe a kuskure. In za ka saya, tafi da magagari: in ya kama bakin yana ci kamar ƙusa, ba ta yi tauri ba, ajiye ta. In yana zamewa yana ɗan kamawa kaɗan, biya ka tafi.

Ɗan_Fawa

Alhaji, ni abu ɗaya zan roƙe ka. Ranar Babbar Sallah kar zumuɗin tsaraba ya sa ka kusanci rago da ita. Yanka yana son wuƙa doguwa mai sirantaccen baki wadda za ta wuce a ja ɗaya, kuma ka san hadisi ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Santimita 13 mai kaurin nan ba za ta hutar da shi ba. Fiɗa ma ba ta dace ba, nauyinta zai sa ka huda fata, mai sayen fata ya rage maka kuɗi. In an zo raba haƙarƙari ko fasa gaɓa, to a nan miƙo ta.

Bakano_a_Minnesota

Malam Mai_Amya, ƙaninka bai yaudare ka ba, a nan wuƙar tana da masoya ƙwarai. Sai dai dajin da aka yi ta dominsa ba irin naku ba ne, shi ya sa kake ganin rabin aikinta bai yi maka ba.

Nan in mutum ya fita kwana a daji, babbar damuwarsa wuta ce. Sanyi ne mai kisa, ice kuma a jiƙe yake da ruwa ko ƙanƙara, busasshen yana can ciki. Dole ka tsaga shi ka kai ga tsakiya kafin wuta ta kama. Ga shi mutum da ƙafa yake tafiya, komai a jakar baya, ba ya son ɗaukar gatari. Sai aka ce to a yi wuƙa guda wadda za a yi ta duka ba ta karye ba. Yawancin icen ma mai laushi ne, ba ƙirya ba. Kuma ba su da al'adar yawo da adda kamar mu, don ba ƙaya da ciyawa ne ke tare musu hanya ba. Kai kuwa rabin shekara ƙirare busassu ne ko'ina, ka tsinta ka hura wuta ba ka tsaga komai ba. Abin da ta fi iyawa shi ne abin da ka fi ƙarancin buƙata.

Ko a nan ɗin ma ana gardama a kanta. Da yawa sun gwammace su haɗa ƙaramar wuƙa da zarto mai naɗewa irin Bahco Laplander, su ce nauyin bai kai nata ba kuma aikin ya fi tsafta. Ƙaramar da aka fi saye ita ce Morakniv Companion, ta garin Mora a Suwidin, inda suke ƙera wuƙa tun 1891. Ruwanta wajen santimita 10, kaurin mai ƙarfen da ba ya tsatsa milimita 2.5, kuɗinta kuma wajen dala 20, alhali BK2 tana kaiwa dala 100 ko fiye. Ita za ta yi maka saƙar zuma da albasa da feƙe turke, babu fenti a jikinta, ka wanke ka ajiye. Illarta ƙarfen bai cika mariƙi ba, siriri ne ya shiga cikin roba, don haka kar ka ɓamɓari akwati da ita. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, naka kuwa ɗan taɓawa aka yi masa, saboda haka tsatsar da ka gani halinsa ne, ba aibi ba ne.

In ƙanin naka zai sake zuwa ka ce ya riƙo maka Mora, amma ya sa ta a akwatin da ake aunawa, ba jakar hannu ba, in ba haka ba a filin jirgi za ta tsaya.

Safiyo_Bauchi

Ni fa ban yarda a taru a kanta haka ba. Aikin awon ƙasa nake yi, wani lokaci sai mu bar mota mu yi tafiyar wuni a ƙafa, kafaɗa ɗaya na'ura, ɗaya ƙafafunta. Babu hannun riƙe adda da zarto da wuƙa uku. Irin wannan mai kaurin nake ɗauka, ba BK2 ba amma 'yar uwarta ce. Da ita nake tone ƙasa in nemo tsohuwar alamar siminti da ta binne, da gindinta nake buga turke, da ita nake ɓalle gwangwani. Ba ta iya komai da kyau ba, amma ba ta taɓa barina a daji ba. Mai gona da ke zuwa a babur yana iya ɗaure kaya goma a baya, shi ne zai ga kamar ba ta da amfani.

Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne hanya. Malam, ka ce ta wajen Doguwa kake bi, ka san akwai shingayen jami'an tsaro a yankin dajin Falgore. Manomi da adda ɗaure a babur ba wanda zai kalle shi sau biyu. Baƙar wuƙa mai kube irin na soja a ƙugu kuwa wata magana ce, sai ka yi bayani, kuma ba kullum ake sauraron bayani ba. A cikin garin Kano ma ka san yadda ake fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, duk wanda aka samu da wuƙa a jiki ba a ɗaukarsa da wasa. Naɗe ta a tsumma ka sa cikin buhun kayan aiki tare da abin hayaƙi da rigar zuma, ta yadda duk wanda ya buɗe zai ga kayan sana'a ne. Ko ka bar ta a ɗakin gona gaba ɗaya. Ni katin aiki na nake sawa a aljihu ɗaya da ita.

Mai_Amya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jikan_Maƙera, ban kai ta inji ba, Allah ya kiyaye. Na sayo samfefar na yi yadda ka ce a kan tsohon silifa. Fentin wajen baki ya tafi, yanzu akwai farin layi mai faɗin kamar rabin santimita yana sheƙi. Na gwada ta a ɗanyen reshen darbejiya, da can sai ta ɗauko ɓawo ta tsaya, yanzu tana fitar da sassaƙe dogo yana nannaɗewa, ba na danna ta da ƙarfi kamar da. Na sake faskara ƙirya don in ga ko na raunana ta, baki bai motsa ba. Albasa dai har yanzu tsaga ta take yi, na haƙura da wannan.

Safiyo, maganarka ta hanya ita ta fi tsaya mini a rai, don a ƙugu nake rataye ta tun da aka kawo. Ta koma buhu. Amma kan amfaninta ina nan kan bakana: kai da kake tafiya a ƙafa ta dace da kai, ni da nake da adda da gatari a gona aikinta bai wuce ɓamɓare akwati da faskaren dole ba. Da kuɗina ne da ban saya ba. Tunda kyautar ɗan'uwa ce, za ta zauna.

Saura abu ɗaya. Yanzu da fentin ya zama rabi da rabi, ina tunanin in cire shi duka in huta da ɓurɓushi. Akwai haɗari?

Jikan_Maƙera

Babu, da yawa suna cirewa. Kwance notin uku ka cire robar mariƙi, ka shafa maganin cire fenti na masu fentin mota, ka ba shi lokaci ya kumbura, ka kankare da katako. Yi a waje inda iska ke kaɗawa, ka sa safar hannu, maganin yana cin fata. Kar ka ƙona fentin da wuta, ka san dalili. Ƙarfen da ke ƙasa ba zai yi sheƙi ba, toka-toka ne mai ɗan kaushi, ka bi shi da samfefa 400.

Daga nan duk jikinta zai iya tsatsa, ba baki kaɗai ba. Wanke ta da sabulu don maiƙo ya fita, ka naɗe ta a tsumman da ka jiƙa da ruwan khal ko ruwan lemun tsami na kamar awa ɗaya, za ta yi duhu. Wannan duhun ba ya cin ƙarfe kamar jar tsatsa, yana ma rage mata hanya. Ɗauraye, busar, shafa kakinka. Ka cika kaki sosai a ƙarƙashin mariƙi kafin ka mayar da robar, don nan ne gumi da ruwa ke maƙalewa ba ka gani. In damina ta yi nisa ka sake kwancewa ka duba.